Za a rushe rukunin gidajenmu a sake ginawa, in jefa ƙuri'ar amincewa ko in ƙi?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin don Allah a ɓoye sunana. Iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman mazauna Ingila, ku taimaka mini da shawara, abin nan ya hana ni barci.

Shekarata 13 a gida ɗaya a kudancin Landan, hawa na shida, ɗaki biyu da falo, ni da maigida da yara uku. Gidan ba na kansul, wato ƙaramar hukuma, ba ne, na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan ne masu ba da haya ga masu ƙaramin ƙarfi. Watan jiya suka jefo mana wani littafi mai sheƙi ta ƙofa, cike da hotunan sababbin benaye da bishiyoyi da wurin wasan yara. Wai za su rushe benayenmu huɗu su gina sababbi, kuma sai mazauna sun yi ƙuri'a kafin a fara. Saura mako biyar.

Gaskiya gidan ya gaji. Duk hunturu sai na janye wadrob na goge baƙar fumfunar da ke bango, bayan sati biyu ta dawo. Autana yana da asma, abin shaƙarsa ƙarƙashin filo yake kwana. Lif ya taɓa mutuwa kwana tara, da ƙafa nake hawo da cefane. Kuma tun bara ƙungiyar ta fara wasu abubuwa masu kyau: sun gyara ɗakin taro, ana yi wa yara darasi da yamma kyauta, an ba mu akwatunan shuka a tsakar gida, har na samu alayyafo da tumatir. Sun ce za su ɗauki matasanmu koyon aikin gini, ga babban ɗana yana da shekara 17.

Maigida ya ce mu amince kawai. Ni kuma maƙwabtana nake ji. Tsohuwar da ke ƙofa da ƙofa da ni, 'yar Jamaika, makullin gidana yana hannunta, ita ke karɓar mini yara idan na makara a wurin aiki. Mu takwas muke adashi a benen nan, har da wata 'yar zangon Kumasi da ta zame mini 'yar uwa. Tsohuwar ta ce in aka watsa mu ba za mu ƙara haɗuwa ba. Wanda ya san kan abin nan don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Hajiya daga arewacin Landan:

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Na bi ta wannan hanyar, yanzu shekarata huɗu a sabon gida. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin canjin. Ba danshi, tagogi ba sa zubar da raɓa, jikata da ke tari duk sanyi ta samu sauƙi. In aka ce in koma tsohon ba zan koma ba.

Amma akwai abin da ba wanda ya gaya mini, sai da takardun kuɗi suka fara zuwa. Kuɗin haya bai tashi sosai ba, kuɗin hidimar bene ne ya hau, na shara da lif da lambu da mai gadi. Ruwan zafi da hita daga babbar tukunya ɗaya suke zuwa wa kowa, don haka ba ki da ikon canza kamfani in sun yi miki tsada, kuma akwai abin da za ki biya kullum ko kin kunna ko ba ki kunna ba. Harajin kansul ma an ɗaga mu zuwa wani mataki. Wurin ajiye mota kuwa babu, maigidanki in yana aikin tuƙi ya tambaya tun yanzu. Ki sa su rubuta miki jimillar abin da za ki riƙa biya a mako, komai da komai, ki ajiye kusa da na yanzu ki duba.

Sai maganar tashi. Mu Allah ya taimake mu, sun fara gini a filin ajiye motoci, muka tashi sau ɗaya daga tsoho zuwa sabo. Wasu da na sani a wani rukunin sau biyu suka tashi, aka kai su gidan wucin gadi mai nisa, yara na shiga bas biyu zuwa makaranta. Aikin zango-zango ake yi, ki tambayi benenku a zango na nawa yake.

Malam mai aikin ba da shawara kan gidaje:

'Yar uwa, ki ajiye littafin hotuna tukuna. Takardar da ta fi muhimmanci ita ce takardar tayin ƙungiyar da ke da gidajen, wadda dole su ba duk mai ƙuri'a. A kanta ake ƙuri'ar. Tun watan Yuli 2018 magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya sa sharaɗi cewa duk aikin da zai rushe gidajen masu ƙaramin ƙarfi ya kuma gina gida 150 ko fiye, ba zai samu kuɗin ofishinsa ba sai mazauna sun amince, in ban da wasu 'yan keɓantattun lamura. Ma'ana su ke neman ku a wannan makonnin. Yanzu ne bakinku ke da nauyi, bayan ƙuri'a sai abin da aka rubuta.

Ki nemi kalmar da suka kira hayar sabon gidan da ita. A ƙasar nan akwai hayar soshal, wadda gwamnati ke da ma'aunin ƙayyade ta, ita ce mai sauƙin gaske. Akwai kuma wadda aka ƙirƙiro a 2011 ake kira afodabul, sunanta mai sauƙi amma doka ta yarda ta kai kashi 80 cikin 100 na hayar kasuwa. Kin san hayar kasuwa a Landan. Idan takardar ba ta ce soshal ƙarara ba, ki tsaya a nan sai an gyara. Haka nan yarjejeniyar zamanki: in ta dindindin ce yanzu, ta dindindin za a ba ki, da duk haƙƙin da ke cikinta. Sannan a rubuta cewa kina da haƙƙin dawowa rukunin, da yawan ɗakunan da iyalinki ke buƙata yau. Ku biyar a ɗaki biyu da saurayi ɗan 17, ki nemi a auna buƙatarku kafin ƙuri'a.

Game da diyya, dokar 1973 ta ba wanda aka tasa daga gidansa kuɗin rabuwa da gida, muddin ya yi shekara ɗaya a ciki. A Oktoban 2023 an mai da shi fam 8,100 ga ɗan haya a Ingila, ki duba ko an ƙara. Ban da shi akwai kuɗin ɗawainiyar tashi: motar kwasar kaya, haɗa kukar girki da injin wanki, labule da kafet. Ki sani in ana bin ki bashin haya sukan cire daga kuɗin rabuwa da gidan.

A yawancin irin wannan aiki akan ɗauko wa mazauna mai ba da shawara mai zaman kansa, ƙungiyar ke biyansa amma ku yake yi wa aiki. Ki nemi lambarsa. Ƙungiyoyin ba da shawara na Shelter da Citizens Advice ma suna duba takarda kyauta. Ɗanki kuma ki bincika ko ya cancanci ƙuri'a, daga shekara 16 ake farawa amma sai wanda ya cika sharuɗɗan.

Baba, tsohon mazaunin Walworth a kudancin Landan:

'Yata, ni da idona na ga abin da ya faru a rukunin gidajen Heygate. Gidaje wajen 1,200 ne a unguwar Elephant and Castle, aka kwashe mutane aka rushe tsakanin 2011 da 2014. Je ki ga abin da ke wurin yau, gine-gine masu kyau, amma gidajen hayar soshal da aka mayar ba su kai ko kashi ɗaya cikin goma na waɗanda aka rushe ba. Mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallacin Old Kent Road, wasu sai a jana'iza muke gamuwa. Waɗanda suka sayi gidajensu kuwa, kuɗin da aka ba su bai isa sayen wani a unguwar ba, da yawa suka bar Landan.

Ga rukunin Aylesbury nan kusa, tun 2005 kansul ta yanke shawarar rushewa, har yau ba a gama ba. Rukunin Woodberry Down a Hackney an fara gini a 2009, shi ma ana nan ana yi. Yaron da aka haifa ranar da aka fara ya zama saurayi. Wanda benensa ke zangon ƙarshe, shekaru zai yi cikin ƙura da ƙarar inji, a gidan da ba mai son kashe kuɗin gyara shi tunda rushewa za a yi. Tsohuwar maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Ni in ni ne, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani matashi mai aikin wayarin:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka ne, amma a yi mini afuwa in ƙara ɗaya. Mutanen Heygate ba a ba su irin wannan ƙuri'ar ba, kuma irin abin da ya same su na cikin dalilan da suka sa aka kawo ta. Ƙin amincewa ma ba ya cire fumfuna daga bango. Anti za ta ci gaba da zama a hawa na shida da yaro mai asma.

Anti, maganar koyon aiki ni shaida ne, ta irin wannan hanyar na shiga, yau da takardar shaidata nake aiki. Sai dai alkawarin baki ba ya ɗaukar kowa. Akwai yarjejeniyar da mai gini ke sa wa hannu da kansul, ana kiranta sashe na 106, a nan ake rubuta yawan gurbin koyon aiki da na 'yan unguwa. Ku nemi a sa adadi a takardar tayin, a kuma faɗi cewa 'ya'yan rukunin ne farko. Ɗakin taron ma ku tambaya: wa zai riƙe makullin sabon, kuma nawa za ku biya in kuna son yin suna ko buɗa baki a ciki?

Wata uwa daga Manchester:

Ni maganar autanki ce ta tsaya mini a rai. Kada ki jira sabon gini. Nan kusa da mu a Rochdale aka rasa Awaab Ishak a Disambar 2020, ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan Sudan, kuma binciken kotu ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Saboda shi aka yi doka da sunansa, ta fara aiki 27 ga Oktoba 2025. Mai gidan haya irin naku dole ya binciki danshi da fumfuna mai haɗari cikin kwana goma na aiki, in abin gaggawa ne cikin awa 24. Shirin rusau bai ɗauke musu wannan nauyin ba. Ki ɗauki hoton bangon da kwanan wata, ki karɓo wasiƙar likita, ki aika ƙorafi a rubuce ta imel. In sun yi shiru ki bi matakan ƙorafinsu biyu, sannan ki kai ofishin Ombudsman na gidaje, mai sauraron ƙorafin 'yan haya. Allah ya ba yaron lafiya.

Hajiya daga arewacin Landan:

Na manta ɗaya. Mu shida muka rubuta sunayenmu a takarda ɗaya muka ce a hawa ɗaya muke so. Huɗu mun samu. Ki haɗa 'yan adashinku da tsohuwar ku je tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki yi istihara kuma.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabata. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na zauna da takardar tayin da biro, shafi 28. Malam, sun rubuta soshal ga waɗanda ke da yarjejeniya yanzu, alhamdulillah, kuma haƙƙin dawowa yana nan. Amma kuɗin hidima cewa kawai suka yi za a sanar nan gaba, koyon aikin ba adadi, benenmu kuma a zango na uku yake, ba shekarar farawa. Maganar zama kusa da maƙwabta ko layi ɗaya babu.

Na karanta wa maigida amsar Baba da ta Hajiya, ya yi shiru, sannan ya ce a tambayo masa maganar mota. Da safe na aika hotunan bangon da wasiƙar likita. Mun yi magana da 'yan adashi, bakwai sun yarda, tsohuwar ma ta ce za ta zo da sandarta. Mai ba da shawarar yana zama a ɗakin taro ranar Laraba ƙarfe shida, tambayoyinmu tara na rubuta a bayan littafin hotunan. Malam, in sun ba mu amsa da baki a wurin, mu nemi su sa a wasiƙa ne ko sai an sake buga takardar tayin gaba ɗaya?