Shawara don Allah: zagayen tsofaffin garuruwan Turai da ƙananan yara

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa yawon buɗe ido a Turai da ƙananan yara ku taimaka min da shawara. Ni da maigida muna shirin tafiya a watan Yuli in Allah ya kai mu, yara biyu ne, babban shekararsa 6, ƙaramar ba ta cika 2 ba. Shi ya tsara mu sauka Burasels, mu je Buruj da Gent duk a Beljiyam, mu tsallaka Kolon a Jamus, daga nan Firag a ƙasar Cek, in lokaci ya rage har da Salzbag a Ostiriya. A taswira abin ya yi kyau amma ni gabana faɗuwa yake, don ƙaramar nan in barcin ranarta ya wuce to babu mai sakewa har dare. Garuruwan ba su yi yawa ba kuwa? Sannan keken turata zan ɗauka ko goyo ya fi?

Baban Uku:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya sun yi yawa, ki lallaɓa maigida ya cire Firag da Salzbag. Daga Kolon zuwa Firag a jirgin ƙasa kusan yini guda ne ga canjin jirgi a hanya, da akwatuna da yara biyu, ku isa a gajiye washegari kuma a sake naɗe kaya.

Ni abin da na ga ya fi shi ne ku kama masauki ɗaya a Gent ku yada zango. Daga nan zuwa Buruj bai kai rabin awa ba a jirgin ƙasa, Burasels ma wajen rabin awa ne, kuma a Beljiyam yaron da bai kai 12 ba kyauta yake shiga in yana tare da babba mai tikiti. Ku fita da safe ku dawo ku kwana a gadon da yaran suka fara sabawa da shi. A tsakiyar Gent akwai wani tsohon gidan sarauta mai ganuwa, Gravensteen, tun 1180 aka gina shi, ruwa ya kewaye wani sashe nasa, ciki ga takubba ga sulke, yaronki mai 6 zai ƙi fitowa. Sai dai akwai ɗakin da aka ajiye kayan azabtar da fursunoni na da, wannan ku wuce shi da sauri kar ya hana shi barci.

A Buruj ku shiga kwale-kwalen da ke zagaya magudanan ruwan garin, rabin awa ne, kowa na zaune, ana bi ta ƙarƙashin gadoji wasu sai an sunkuyar da kai, ga agwagin ruwa farare masu dogon wuya suna bin gefe. Hasumiyar dandalin kasuwa kuwa matakala 366 ce, tana ƙara tsukewa in an yi sama, masu hawa da masu sauka hanya ɗaya. Kar ku gwada da ƙaramar.

Inna Mai Haƙuri:
'Yar uwa duka biyun za ki ɗauka, keke da zanin goyo. Titunan tsofaffin unguwannin nan da duwatsu aka daɓe su, ba sumul ba, keke mai ƙananan tayoyi sai ki ga kan yarinya yana ta kaɗawa, taya na maƙalewa a tsakanin duwatsu, hannunki kuma ya yi tsami kafin azahar. Ki samu mai manyan tayoyi wanda ake naɗewa da hannu ɗaya. Amfaninsa shi ne in barci ya ɗauke ta ki kwantar da shi ki rufa mata mayafi, ku samu benci ku huta, ruwa da famfas ma a ƙarƙashinsa za su zauna. Goyo kuma na wurin matakala ne da cunkoso.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne rana. A Yuli sai wajen ƙarfe goma saura take faɗuwa a can, yara su ga gari da haske su ce su ba dare ba, don haka ki tambaya ko masaukin na da labule mai kauri. Ki nemi mai kicin kuma, ko tea da ƙwai kika haɗa da safe kin rage wahala. Abincin halal ba ya wuya a Gent da Burasels da Kolon, shagunan Turkawa da 'yan Maroko suna nan, amma alawa mai danƙo ki duba bayanta saboda yawanci da jelatin na alade ake yi. Ki riƙe 'yan silalla a jaka, banɗaki a tasha sai an biya, kuma yaro ba ya jira a nemo canji.

Malam Matafiyi:
Ni kam da ni ne da Andalus na nufa, a kudancin Sifen. Yaro ya tsaya a cikin tsohon masallacin Ƙurɗuba da aka fara ginawa a ƙarni na 8, ya ga ginshiƙan nan da bakunansu ja da fari, ya ga tsohuwar fadar Alhambra a Garanada da rubutun Larabci a bango, wannan tarihi ne da za ku iya ba shi labarinsa da bakinku. Amma ba a Yuli ba, zafin Ƙurɗuba yana haura digiri 40. Ku ajiye shi sai Afrilu ko Oktoba, ku sayi tikitin Alhambra tun da wuri don yana ƙarewa, ko jariri sai an karɓa masa nasa, kuma ba a shiga fadar da keke.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida ya yarda a bar Firag, amma ya kafe sai ya ga babban cocin Kolon. Za a iya zuwa a dawo rana ɗaya?

Baban Uku:
Za a iya amma da yara gara ku kwana can, ku mai da shi zangon ƙarshe. Burasels zuwa Kolon bai cika awa biyu ba a jirgi mai sauri, kuma ICE, wato jirgi mai sauri na Jamus, yana da ɗan ɗaki na masu ƙananan yara, ku kama kujera a ciki tun kuna sayen tikiti. Cocin yana bakin tasha, kuna fitowa za ku gan shi a kanku, tsayinsa mita 157, an fara shi 1248 ba a gama ba sai 1880. Maigida ya hau matakala 533 ɗin shi kaɗai in yana so, ke da yara ku gangara bakin kogin Rayin ku bi gefen ruwa zuwa gidan tarihin cakulan, ya same ku a can. In ranar Lahadi ta kama ku ku sayi madara da famfas tun Asabar, a Jamus shaguna a rufe suke sai na cikin tasha.