Marubutan Kano, me kuke sha idan za ku zauna aiki?

Mai duba rubutu, Fagge

Assalamu alaikum. Sana'ata duba rubutun mutane kafin a kai maɗaba'a ko a sake shi a waya: labarin soyayya, sikirif ɗin fim, wani lokaci har waƙa. Akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a tsakaninmu. Wai wane ba ya iya rubutu sai ya ɗan taɓa, wai wance sai ta kora sirof hannunta ke sakewa. Yara masu tasowa suna ji, suna zaton a can basirar take. Kwanan nan wani matashi ya tambaye ni, ba da wasa ba, me zai riƙa sha don kansa ya buɗe.

Wanda ya taɓa sha, ko ya zauna da mai sha, ya faɗa mana abin da ya faru da rubutun. Hukuncin addini duk mun san shi, ba shi nake tambaya ba. Don Allah kada a kama sunan kowa.

Wata marubuciya, Ɗorayi

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara tunda ba wanda ya san ni. Nawa sirof ne mai kodin. Da tari na fara sha a wani hunturu, tarin ya tafi, kwalbar ta zauna.

Wanda bai taɓa riƙe gurup ɗin kuɗi a WhatsApp ba ba zai gane ba. Mata sun biya kuɗinsu, kin yi musu alkawarin feji kullum. Da rana girki da yara da baƙi, sai an yi isha'i gida ya yi shiru za ki ɗauki waya. Kafin nan saƙo ya taru: "Anti ina ci gaba?" "Anti ko kuɗinmu za ki dawo mana da shi?" Ga gajiya, ga fargabar kada a ce labarin ya yi sanyi. In na juye sirof ɗin a cikin lemon kwalba na sha, fargabar ce ke tafiya. Gajiyar tana nan, amma ba na ƙara tambayar kaina ko abin da na rubuta ya yi kyau. Duk abin da yatsa ya danna ya yi.

A lokacin ni gani nake na fi kowa. Sai bayan shekaru da na koma na karanta littafin da na yi a wannan halin. Feji uku ina siffanta falon Hajiya, labule da kujeru da ƙamshin turaren wuta, ba wanda ya ce uffan. Ƙanwar jarumin ta fara da suna ɗaya ta ƙare da wani. Akwai kishiyar da na kashe a haɗarin mota a hanyar Zariya, sai ga ta a wurin suna tana rabon alkaki. Masu karatu ne suka tuna min, da dariya, wasu da zagi.

Da gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi a kan shansa, bai ɓace daga gari ba, tsada ya yi. Abin da gurup ke kawowa a wata bai isa na mako biyu ba. Na wayi gari ina rubutu don in sha, alhali da farko sha nake don in rubuta.

Mai rubuta fim, Zoo Road

Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa. Mu a namu ɓangaren tiramol ne, don mu ba natsuwa muke nema ba, ido biyu muke nema. Tunda aka koma fim mai dogon zango, furodusa zai kira ka ranar Talata ya ce Asabar za a fita aiki, an riga an kama gida, an biya 'yan wasa kafin alƙalami. Kai kuma ko fitowa ta farko ba ka rubuta ba. Abokin da muke ɗaki ɗaya ne ya fara ba ni rabin ƙwaya.

Aiki yana gudu, wannan ba zan musa ba. Sai dai kowa a cikin labarin yana magana da murya ɗaya, tawa, kuma duk a fusace. Uwa na faɗa, ɗa na faɗa, mai gadi ma na faɗa. Wani darakta ya taɓa ce min, kai a fim ɗinka ba mai gaisawa ne? Na duba, wallahi ba ko gaisuwa ɗaya. A fim ɗin Hausa fa.

Abin da ya raba ni da ita ba sikirif ba ne. Abokin nawa ne ya faɗi a gabana yana jijjiga, kwamfutar na kan cinyarsa, ya ciji harshe jini na zuba. Ba shi da farfaɗiya, ba kuma a danginsu. Yana nan da ransa, amma ya bar harkar, yana sayar da kayan waya.

Wani daga Birget

Tunda an ce a faɗi gaskiya, ni giya ce. Masu karanta labaran marubutan Turai da kofi a gefen takarda su sani nan Kano ne. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, ga Hisba na fasa kwalabe a bainar jama'a, ba wanda ke ajiye ta a kan teburin rubutu. Sai ka hau adaidaita zuwa Sabon Gari, ka nemi kujerar can lungu inda fitila ba ta kai ba, rabin hankalinka na bakin ƙofa kada ɗan unguwarku ya shigo. In ka fito ka tauna kanumfari, ka yi ta zagaye har mutanen gida su kwanta. Ina lokacin rubutu a nan?

Nakan danna 'yan layuka a waya ina zaune. Da safe in na buɗe, wasu ban san me nake nufi ba, wasu kuma habaici ne ga mutanen da ban isa in fito da shi ba. Abu ɗaya na samu a can: hira. Mutum in ya yi tatil yakan faɗi abin da ke cikinsa, na kuma tsinci mutane biyu uku da suka shiga labaraina. Daga baya na gane teburin mai shayin bakin layinmu yana ba da irin wannan hirar bayan sha ɗayan dare, kuma can in na ji abu ina tuna shi washegari.

Dattijo, sha'iri, Yakasai

'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka da kuka faɗi gaskiya. Ni tun ina almajiri nake rubuta waƙa, da ajami na fara. Abokin aikina goro ne. Farin daushe nake so, in aika yaro Mariri ya samo min mai kyau, in ɓare shi bayan asuba in zauna.

Ku masu zube kuna da sararin ɓuya. Jimla ta karkace, ta gaba ta rufa mata asiri. Waƙa ba haka take ba. Kari ma'auni ne, gaɓa ɗaya ta yi yawa baitin ya gurgunce, kuma sai ka rera da bakinka kunnenka ya kama. Na zauna da wani haziƙi, Allah Ya jiƙansa, wanda ya fi ni baiwa nesa ba kusa ba. Da ya shiga shaye-shaye, amsa-amonsa bai ɓace ba, don wannan ya zama jiki. Ma'ana ce ta tafi. Sai ya kawo kalma don kawai ta ƙare da "ra" ko "na", ko ta dace ko ba ta dace ba.

Malam ya ce kada a yi wa'azi, ba zan yi ba. Amma aya ta 43 a Suratun Nisa'i da ta hana kusantar salla a cikin maye ta faɗi iyakar abin: har sai kun san abin da kuke faɗa. Ni ban ga yadda za a nemi ƙasa da haka a wurin mai alƙalami ba.

Ɗan Kurna

Baba, a gafarce ni, goron ma ai in ba ku ci ba kai ke sarawa. Mun gani a wurin kakanninmu.

Dattijo, sha'iri, Yakasai

Yana sarawa ƙwarai, ɗana, azumi ne ke tona mana asiri duk shekara. Amma ban taɓa cin goro na manta sunan matata ba.

Ɗan Kurna

To ni zan faɗi tawa ko ba za ta yi wa mutane daɗi ba. Wiwi nake busawa, ban daina ba, kuma ƙarya ne a ce ba ya kawo tunani. Yana kawowa. Abin da ka saba gani kullum, kamar yadda 'yan adaidaita ke rigima da fasinja a kan canji a Bata, sai ka gan shi sabo, ka ga abin dariyar da ke ciki. Fitowar barkwanci mafi kyau da na taɓa rubutawa a haka ta zo, har yau ana tura ta a waya.

Inda matsalar take, farkon labari ne da ni cike da jaka. Kowanne feji biyar, shida, sai wani sabon tunani ya zo ya ture shi. Ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Ko laifin hayaƙin ne ko halina ne dama, wannan kuma kowa da abin da zai ce.

Mai duba rubutu, Fagge

Ɗan'uwa, na yarda fitowar ta yi kyau. Tambayata, rigimar canjin nan a ina ka gan ta? Kana tsaye a Bata da rana tsaka, da hankalinka. Kayan naka ne tun kafin ka kunna.

Abin da na lura da shi a teburina ke nan. Kowane marubuci yana da mai gyara a cikin kansa, wanda ke ce masa wannan layin bai yi ba, sake. Shi ne ke sa rubutu wahala, shi ne kuma ke sa ya yi kyau. Duk abin da kuka lissafa, aikinsa ya kwantar da wannan mai gyaran. Shi ya sa mai shi ke jin daɗi, ni kuma da aka kawo wa takardun nake kwana ina ɗinke ɓaraka. Kuma abin da ya fi ba ni wahala ba kuskuren rubutu ba ne. Mutum ne zai kafe a kan fejin da ya fi kowanne lalacewa, ya ce nan ne zuciyar littafin, don yana tuna daɗin da ya ji a daren da ya rubuta shi.

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce, kuma ina cikin masu cewa "Anti ina ci gaba?" Yau na ji kunya.

Bari in ƙara abin da na sani ta wajen aiki. Kodin in ya shiga jiki hanta ce ke mayar da wani sashensa mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, shi ya sa yake kawo wannan lumshewar, da taurin bayan gida, kuma jiki ke saurin sabawa har adadin jiya ya kasa isa yau. Tiramol da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 200, akwai mai 225, kuma jijjigar da Yayanmu na Zoo Road ya gani sananniyar illarsa ce, tana kama wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Masu haɗa sirof da ƙwayar barcin nan roci ko giya su suka fi shiga haɗari, don dukkansu numfashi suke dannewa.

Kada Hajiya ta ɗauka ita kaɗai ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce, kuma a Jihar Kano kashi 16 cikin 100 ne na 'yan shekara 15 zuwa 64.

Masu Nescafe da lemon ƙara kuzari ma kada su yi dariya. Ba maye ba ne, amma bayan wajen awa biyar rabin sinadarin yana nan a jini. Kin sha ƙarfe goma, ƙarfe uku idonki biyu, da safe ba ki da amfani, da dare ki ƙara. Da yawa ta nan suke fara neman ƙwayar barci.

Wata marubuciya, Ɗorayi

'Yar'uwa, ba sai kin ji kunya ba, ni na yi alkawarin da ya fi ƙarfina. Yanzu sau uku a mako nake saki, kuma ba na buɗe gurup sai na kammala rabin littafin a ajiye. Wasu sun fita, sun ce na fiya jan rai. Watannin farko bayan na daina ko layi ɗaya ban iya ba, hanci na zuba, ƙasusuwa na ciwo, barci ya ƙaurace. Na ɗauka rubutun ya tafi ke nan. Ya dawo, sai dai a hankali yake zuwa, har yau.

Sabuwar shiga

Anti mai aikin jinya, don Allah in mutum yana so ya je asibiti a kan irin wannan, dole sai da mijinsa? Kuma in ƙwayar barci ce yake sha kullum, zai iya ajiyewa kawai da kansa?

Ma'aikaciyar jinya, Tarauni

Ƙanwata, babba ce ke, za ki iya zuwa ke kaɗai ki yanki kati, kuma ƙa'idar aikinmu ce a riƙe sirrin mara lafiya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kina jin nauyin a gan ki a can, fara da likitan da ke duba kowa da kowa, shi zai tura ki.

Ƙwayar barcin kuma kada ki yanke ta rana ɗaya. Irin su D5 da roci in jiki ya saba, ajiyewa kwatsam na iya kawo jijjiga. A hankali likita ke rage ta. Ki tafi da katin ƙwayar a jakarki, ki faɗa masa nawa kike sha a dare, kada ki ɓoye masa ko ɗaya.