Sai an wanke kabon kafin a sa a tankin kifi na ruwan gishiri?

Mai_Tanki:
Salam 'yan uwa, don Allah ina da tambaya. Na sayo kabon ɗin nan, gawayin tace ruwa, na zuba a filta jiya ban wanke ba, wallahi kafin minti goma ruwan ya yi baƙi-baƙi, har ƙura ta kwanta kan farin yashin. Kifayen dai suna yawo lafiya amma hankalina bai kwanta ba. Dama ana wankewa ne?

Baban Ummi:
Wa alaikumussalam. Ai dole ne malam, garinsa ne ya tashi. Ka sa shi a jakar raga, ka riƙa zuba masa ruwan RO, wato tsantsar ruwan da aka tace da na'urar reverse osmosis, har sai ka ga ruwan na fita fes, za ka ji yana shuuu farko, iska ce ke fita daga ƙananan ramukansa kar ka tsorata. Amma fa kar ka murje shi kamar mai wankin shinkafa, ƙara farfashewa zai yi ƙurar ta ƙaru.

Hajjo:
Ni da ruwan famfo nake ɗaurayewa, RO a ƙarshe, ban taɓa ganin matsala ba. Wane kifi gare ka? In akwai tang, wani irin kifin teku ne, ka kula, ana danganta ƙurar da ciwon da ke cinye musu fatar kai da gefen jiki, musamman kabon na lignite mai laushin nan, wanda ake yi da wani irin kwal.

Mai_Tanki:
Kash, yellow tang ɗaya gare ni Hajiya. Yanzu ya zan yi?

Baban Ummi:
Ciro kabon ɗin ka wanke, sa audugar filta sabuwa ta kama ƙurar, gobe ka canza ta. Kabon ɗin kuma bayan sati 3 zuwa 4 ka zubar.