Agogona ya ce na ƙona kalori 640 a ɗaga ƙarfe, na abokina ya ce 310. Wanne zan yarda da shi?

Dogon_Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ne ya ɗaure min kai, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware min.

Shekaruna 34, nauyina kilo 82. Wata bakwai ke nan ina ɗaga ƙarfe, sau huɗu a mako, awa ɗaya kowane zuwa. Tumbi ne ya kai ni tun farko, ba neman ƙwanji ba. Ina ɗaura agogon nan mai ƙirga bugun zuciya da kalori, kuma ba na fara atisaye sai na danna masa cewa ƙarfe zan ɗaga.

Jiya ranar ƙafa ce. Ni da abokin atisayena komai tare muka yi, ƙarfe ɗaya muke karɓa-karɓa, in na sauke ya shiga. Tsuguno da kilo 70 a kafaɗa, zagaye huɗu, sau 8 kowanne, sai ɗago ƙarfe daga ƙasa, sai turin ƙafa a inji. Nauyinmu ma kusan ɗaya ne, kilo 2 kawai ya ba ni. Da muka gama muka jera hannuwa muka duba. Nawa 640, nasa 310. Ya kwashe da dariya ya ce ashe ni na yi aikin shi ɗan rakiya ne. Na san kamfanin agogon ba ɗaya ba ne, amma ratar ta yi yawa.

Ga kuma wani abin. Ina tsakiyar ɗago ƙarfe daga ƙasa, zuciyata na dukan uku-uku har a kunne nake jin ta, na saci kallon agogo na ga bugun zuciya 94 kacal a minti. Na sauke, na zauna a benci ina mayar da numfashi, bayan kusan rabin minti sai ga shi ya yi tsalle zuwa 151.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar da nake rubuta abincina a ciki tana haɗe da agogon. Na saita ta in riƙa cin ƙasa da buƙatata da kalori 300 a rana. Duk ranar atisaye sai ta ƙara min abin da agogo ya ce na ƙona, ni kuwa in ci kayana hankali kwance. Mako shida ke nan, sikeli ya tashi daga 81.6 ya koma 82. Agogon ne ya lalace, ko ni ne ban iya ba?

Malam_Lissafi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Agogonka lafiyarsa ƙalau. Aikin da ka ɗora masa ne ba nasa ba.

Juya bayansa ka ga 'yar koriyar fitilar nan da ke ƙyaftawa. Haske take harbawa cikin fata, jini ya shanye wani sashe, sauran ya dawo, daga raguwa da ƙaruwar abin da ya dawo ake gane bugun zuciya. Akwai kuma ɗan ma'aunin motsin hannu a ciki. Iyakar abin da yake aunawa ke nan. Kalorin da kake gani kintace ne: a haɗa bugun da shekarunka da nauyinka da tsayinka da jinsinka, a zuba cikin lissafin da kowane kamfani ya ɓoye nasa, lamba ta fito. Shi ya sa naka da na abokinka suka raba gari.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agogunan guda 7 a hannun mutum 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuka keke. Wajen bugun zuciya, shida daga cikin bakwai kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27, na ƙarshe da kashi 93. Ka lura, gudu da keke aka yi, inda aikin ya fi musu sauƙi. Ba a ma zo kan ƙarfe ba.

Dalilin da ƙarfe ya fi rikita su shi ne wannan. Ainihin ma'aunin kalori iskar oksijin da jiki ya sha ce, kowace lita kusan kalori 5. In kana gudu, bugun zuciya da shan oksijin tafiya suke kafaɗa da kafaɗa, wannan ya hau wancan ya hau, don haka in ka san ɗaya za ka iya kintatar ɗayan. Da ka shiga ƙarƙashin kilo 70 sai abotar ta watse. Ka danne numfashi, ka ɗaure ciki, tsoka ta matse jijiyoyi, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, hawan jini ya tashi na ɗan lokaci. Zuciya sai ta ƙara sauri, amma jinin da take turawa a kowane bugu bai kai na mai gudu ba. Agogo ya ga 150, ya ɗauka gudu kake, ya rubuta maka ladan mai gudu. Kana zaune a benci kana duba waya ma bugun bai gama sauka ba, shi kuwa yana ta ƙirga maka.

Yanzu mu yi namu lissafin. Akwai ma'aunin da ake kira MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ƙonawa a zaune, kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinka a awa. Kundin ayyukan motsa jiki da masana ke aiki da shi, wanda ya fara fitowa a 1993, a bugunsa na 2011 ya ba ɗaga ƙarfe na yau da kullum MET 3.5, tsuguno 5, ɗagawa mai tsanani irin ta 'yan gasa 6. Ninka da kilo 82 naka: 287, 410, 492. Ko a sahun 'yan gasa aka saka ka, 640 ba ta fito ba. Na abokinka ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma dace ya yi.

Kuma cikin 287 ɗin nan akwai 82 da za ka ƙona ko a kan kujera ka wuni, wadda manhajarka ta riga ta saka a lissafin yini. Ribar atisayen ke nan 205. Kai kuma kana mayar da 640. Rarar 435 sau huɗu, 1,740 a mako. Giɓin da ka shirya, 300 sau bakwai, 2,100 ne a mako, saura 360. A mako shida 2,160, alhali kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. Ko sulusin kilo ba ka zubar ba, kuma ruwan da tsoka ke riƙewa kaɗai ya isa ya rufe wannan a sikeli. Tufka da warwara kake yi, ɗan'uwa, ba da saninka ba.

Uwar_Biyu:

Ƙanena, batun 94 ɗin nan ni ma na sha shi. In ka damƙi ƙarfe da ƙarfi, wuyan hannu na lanƙwashewa, jijiyoyi su miƙe, agogon ya ɗan ɗaga daga fata, ga gumi. Fitilar sai ta ɓace hanya, sai ka saki ƙarfen take gano bugun. Matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ƙara matse maɗaurin rami ɗaya. Zai ragu.

Ni daga baya bel ɗin ƙirji na koma, wanda ke ɗaukar siginar lantarkin zuciya kai tsaye. Bugun ya daidaita sarai, ina tsugunawa ina ganin yana hawa nan take. Amma kada in ruɗe ka, kalorin ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ba ya rasa bugu ko ɗaya, kuma lissafin mai gudu ake yi masa har yanzu. Abin da nake amfana da shi kawai shi ne hutu: ba na komawa kan ƙarfe sai na ga bugun ya sauko wajen 110.

Ƙwanji99:

Malam, da girmanka, amma ka rage wa ƙarfe daraja. Ai bayan an gama jiki na ci gaba da ƙona kalori har washegari, agogo ba ya ganin wannan. Sannan tsoka ko barci kake tana cin kalori. In aka haɗa duka ina ganin 640 ɗin ba ƙarya ba ce.

Malam_Lissafi:

Ƙwanji, duka biyun akwai su, girmansu ne aka zuzuta. Ƙonawar bayan atisaye gaskiya ce, jiki na biyan bashin oksijin yana gyaran tsoka, amma ga awa ɗaya irin ta Dogo, da hutu tsakanin zagaye, 'yan gomomi ake magana, ba ɗaruruwa ba. Tsoka kuma kilo ɗaya na ƙona kusan kalori 13 a yini in ana hutawa, kitse kusan 4.5. Ka shekara kana fama ka ƙara kilo 3 na tsoka zalla, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, ribarka kalori 39 a rana.

Ban raina ƙarfe ba, shekara goma sha ɗaya ina ɗagawa, gwiwata ta hagu ce shaida. Amfaninsa ga mai rage ƙiba shi ne in jiki zai zubar da nauyi ya zubar da kitse ya bar tsoka, ga ƙarfin ƙashi. Wannan kuwa babu agogon da ke nuna shi.

Dogo, ga abin da zan yi in ni ne. Raba manhajar da agogon, ta daina ƙara maka komai. Hau sikeli kowace safiya bayan ka zaga, kafin ka sa wani abu a ciki, ka rubuta, ƙarshen mako ka fitar da matsakaici. Lambar rana ɗaya ba ta da magana, tana iya wasa da kilo guda saboda ruwa kawai. Auna ƙugunka da tef daidai cibiya sau ɗaya a mako. Bayan mako uku in matsakaicin bai motsa ba, rage 150 daga abincin. Nauyin da kake ɗagawa kuma ka riƙa rubuta shi a littafi, in yana hawa ko yana nan daram, tsokarka ba ta tafi ba.

Dogon_Hannu:

Biri ya yi kama da mutum. Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri.

Yau na yi wani gwaji don in kashe ƙwarƙwatar idona. Na ba abokina waya na ce duk lokacin da ƙarfe ya bar maratayi ya danna agogon ƙirga lokaci, in na mayar ya tsayar. Awa ɗaya da minti biyu muka yi a wurin. Da muka tashi ya miƙo min wayar yana murmushin mugunta: minti 11 da daƙiƙa 40. Sauran duk zama ne, da sauya faranti, da shan ruwa, da jiran wani bawan Allah ya gama da inji. A kan minti goma sha ɗayan nan nake biyan kaina 640.

Na matsar da agogon sama kamar yadda Yaya ta ce, 94 ɗin ta ɓace, a tsakiyar tsuguno na ga 146. Kalorin yau 655, wai har ƙari aka yi min. Na cire haɗin da manhajar tun a bakin ƙofa. Tef ya nuna santimita 94 a cibiya, na rubuta a shafin farko na littafin, a ƙarƙashin inda na rubuta kilo 70 sau 8. Zan dawo da lambobin nan da mako uku in Allah ya kai mu.

Malam, tambaya ɗaya ta rage: ranakun da nake tafiyar ƙafa ta minti 40 fa, ita ma kada in mayar da abin da agogo ya ƙirga, ko in ci rabi?