Neman taimako: maɓallin "na gaba" da "na baya" a Hugo ba sa bin tsarin babi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina littafin koyarwa da Hugo (manhajar haɗa shafukan intanet), babi uku, kowane babi folda ce mai `_index.md` (shafin buɗe babin) da darussa huɗu. Na ba darussan kowane babi weight (lambar da Hugo ke jera shafuka da ita) 10, 20, 30, 40.

A `layouts/_default/single.html` na fara da `.Next` da `.Prev`. Sai suka juye: daga darasi na 2, `.Next` na mayar da mutum darasi na 1. Wannan na magance shi da sa `nextPrevSortOrder = 'asc'` ƙarƙashin `[page]` a `hugo.toml`.

Inda na maƙale shi ne tsallakawa daga babi zuwa babi. `.Next` na duba dukkan shafukan wuri guda, don haka yana jera duk masu weight 10 kafin ya zo kan masu 20; mai karatu ya gama darasin farko na babi na 1, sai ya tsinci kansa a babi na 2. Da na koma `.NextInSection` tare da `nextPrevInSectionSortOrder = 'asc'`, tsari ya daidaita a cikin babi, amma a darasin ƙarshe maɓallin ɓacewa yake yi, tunda `with`, wanda ba ya nuna maɓallin sai in akwai shafi na gaba, bai sami komai ba. Shi kuwa `_index.md` ko kallonsa ba sa yi.

Na san zan iya ba da lambobi kamar 110, 120, 210, amma ƙara babi a tsakiya zai sa a sake lissafi duka. Akwai hanyar haɗa jeri guda daga `.Site.Sections` da `.Pages` na kowane babi, har da shafin buɗe babin, sannan a yi `$jeri.Next .` a kansa ba tare da tsarin ya sake juyewa ba?