Abin da masana suka ce game da ziyarar Rabaul

Waɗanda suka san tsibirin New Britain na ƙasar Papua New Guinea bakinsu ya zo ɗaya kan masauki: a sauka a Kokopo, kimanin kilomita 20 daga Rabaul, domin tokar aman wutar duwatsun Tavurvur da Vulcan ta binne babban ɓangaren tsohon garin a Satumban 1994.

Hawan Tavurvur na sassafe ne, bayan an tambayi cibiyar sa ido kan duwatsu ta Rabaul halin da dutsen ke ciki. Rana na ɗagawa, baƙar toka ta ɗau zafi, ga babu inuwa. A riƙe ruwa lita 2 da rufaffen takalmi. Maɓuɓɓugan ruwan zafi da ke gindinsa kuwa suna ƙona fata.

Ramukan da sojojin Japan suka haƙa bayan kama garin a 1942 sai da tocila da ɗan jagora, kuma filayen na dangi ne, ana biyan 'yan kina (kuɗin ƙasar) kaɗan. Tsohon harsashi ko bam, kallo kawai, har yau suna iya tashi.

Mai nutso a murjanin tsibiran Duke of York ya jira awa 24 kafin hawa jirgin sama, saboda iskar naitirojin da ta taru a jini. Akwai zazzaɓin cizon sauro, a fara shan rigakafi tun daga gida.