Soyayyar 'yar Adam da aljani: shawarwarin masu karatu da marubuta

Masu karatu da marubuta sun tattauna kan littattafai masu kashi-kashi da ke haɗa 'yar Adam da aljani, irin na adabin kasuwar Kano da waɗanda ake bi yanzu a Wattpad da WhatsApp. Kusan kowa ya yarda cewa shamakin da ke tsakanin masoyan ne ke riƙe mai karatu: shi ba a ganinsa, ita kuwa tana da iyayen da dole su binciki asalin mai neman aurenta.

Inda ake samun tangarɗa shi ne idan labari ya yi tsawo. Marubuci ya rasa abin faɗa, sai ya jefo kishiya ko wani sarkin aljanu don jan zare. Aka ba marubuci shawarar ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya saki kashi na farko, kuma kada ya karya dokar da ya kafa wa duniyar aljanun don kawai ya kuɓutar da jarumi. Mai saye kuma ya tabbata an kammala littafin kafin ya biya.

Mata da dama sun koka kan yadda ake nuna mugun kishi da tsare mace a matsayin so. Ina bayansu, domin akwai ƙananan 'yan mata cikin masu karantawa.